Kilishi da 'Ya'yan Mahauta

Ni mutumin Kurfi ne, kuma a gidan mahauta na tashi. Kilishi ne ya biya mini kuɗin makaranta. Babanmu kan yanka jan nama fale-fale, mu yara mu shanya a rana. In ya bushe, sai a tsoma shi cikin labu, wato tunkuzar da iyayenmu mata suka dama da barkono da citta da kanumfari, a sake shanyawa, kana a nuna masa wuta. Ran da hadari ya taso kowa a guje yake, don danshi kaɗan ya isa ya cinye jari.

Mutanen Armeniya ma suna da nasu, basturma. Sukan cuɗe nama da gishiri, su danne, su shafe shi da hulba da tafarnuwa, su rataye ya bushe. Inda hijira ta kai su, Lebanon ko Amurka, 'ya'yansu na sayar da shi cikin burodi, da sunan gidansu a ƙofar kanti.

Mu kuwa nan Dutsin-Ma, sai ka ga ɗalibi na ɓoye cewa ubansa mahauci ne. To, 'yan'uwa, in duk muka gudu, wa zai gaji wuƙar? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.