Macbeth Ya Samu Gurbi, Ina Alhaji Imam?

Kwanakin baya mun kai ziyara gidan wani ƙanenmu a Abuja, muka tarar da 'yarsa mai shekara 15 ta duƙufa kan littafin Macbeth na Shakespeare, duk ta cika gefen shafukan da rubutun fensir. Makarantar da take zuwa irin waɗannan ne masu bin manhajar Ingila. Da yake mu ma'abota alƙalami ne, sai muka ce ta kawo mana tsarin karatunsu mu gani.

Tsarin dai ba shi da sarƙaƙiya. Yaro kan shiga sakandare yana ɗan shekara 11, a ajin da suke kira na 7. Daga nan zuwa aji 9 yana taɓa kowane fanni: lissafi, kimiyya, tarihi, labarin ƙasa, zane da kiɗa. A aji 10 da 11 sai ya zaɓi darussan da zai zauna wa jarrabawar IGCSE, wadda Jami'ar Kambirij ta fara gudanarwa a 1988. Shekara biyun ƙarshe kuwa darasi uku ko huɗu kacal zai riƙe don jarrabawar A Level.

Gaskiya ɗaya ce, yadda suke koyar da adabi ya burge mu. Ba haddar sunayen taurari ake nema ba. Ana ba yaro ɗan yanki daga littafi, a ce ya bayyana dalilin da ya sa marubuci ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan, kuma ya kafa hujja daga cikin rubutun. Yarinyar nan ta yi mana bayanin yadda kwaɗayin mulki ya cinye Macbeth har muka riƙe baki.

To, sai muka duba jerin harsunan makarantar. Ga Faransanci, ga Sifaniyanci, babu Hausa. Muka tambaye ta ko ta san Ruwan Bagaja, ta ce ita ba ta taɓa sha ba! Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba. Abin mamaki, Baturen Ingila ne, Rupert East, ya shirya gasar 1933 a Zariya wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Yau ga jikokinmu a makarantar Ingilishi, sun san mayun Sikotilan, ba su san Malam Zurƙe ba.

Laifin ba na Turawa ba ne, domin manhajarsu sun tsara ta ne don biyan bukatarsu. Mu ne iyaye da marubuta za mu tambayi kanmu: idan 'ya'yan da suka fi kowa iya tsefe littafi ba sa karanta namu, wa zai yi nazarinmu gobe? Kuma in sun ɗauko littattafan da muke bugawa yanzu, za su jure irin wannan tankaɗe da rairaya?

Kafin mu baro gidan mun bar mata Magana Jari Ce, da sharaɗin ta yi masa irin rubutun fensirin da ta yi wa Macbeth. 'Yan'uwa marubuta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace, amin.