Unguwar Abalan ta Agadas, mahaifar Taurarin Abzin

Matafiyin da ya bar Tawa ya kama hanyar arewa, ya ratsa Abalak, sai ya share kimanin kilomita 400 kafin ya hango hasumiyar babban masallacin Agadas. Ginin laka ce mai tsawon mita 27, itatuwa sun tsattsago daga jikinta ta kowane gefe. An gina ta wajen 1515, aka sabunta ta a 1844, a 2013 kuwa hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan gadon duniya. Galibin baƙi nan suke tsayawa: su ɗauki hoto, su kai gaisuwa fadar Sarkin Abzin, su sayi azurfa wurin maƙera, sa'an nan su yi gaba. Kaɗan ne ke tambayar Abalan, ƴar unguwar da ke kusa da masallacin, alhali daga cikinta aka samu ƙungiyar makaɗan da a yau ake sayen tikiti a Turai da Amurka domin a kalle ta.

Sunan ƙungiyar Etran de L'Aïr, wato Taurarin Abzin. Ƴan'uwan juna ne, ƴaƴan makiyayan da farin shekarun 1970 ya raba da dabbobinsu, suka shigo gari suka zauna. An kafa ta a 1995, lokacin da madugunta na yanzu, Moussa Ibra da ake kira Abindi, yana ɗan shekara 9. Shekarar tana da tarihi, domin a ranar 24 ga watan Afrilunta ne aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa a birnin Yamai. Kafin nan, kiɗan gitar na Abzinawa abin ɓoye ne: kaset ɗin Tinariwen da na marigayi Abdallah Oumbadougou daga hannu zuwa hannu suke yawo, ana sauraren su da ƙaramar murya. Da ƙura ta lafa, sai gitar ta fito daga ɗaka ta shiga fagen buki.

Kayan aikin yaran a farko ba su taka kara sun karya ba. Gitar guda suke da ita, wadda ba ta aiki da wutar lantarki, sai ƙwarya da suke bugawa da takalmi a madadin ganga. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin kiɗan ƙwarya na mata a Maraɗi ko Damagaram ya san sautin da ake nufi. Da ɗan abin da ake samu wajen suna da aure suka riƙa tara kaya sannu a hankali, har suka mallaki gitar ta lantarki da gangunan zamani.

Ya kamata mai karatu ya san irin dandalin da ake magana a kai. A Agadas, ƙofar gidan buki ita ce zauren wasa. Ana tare rariya, a shimfiɗa tabarmi, a jawo waya daga gidan maƙwabta ko a tada injin ba da wuta. Makaɗa suna tsaye a ƙasa ɗaya da jama'a, babu dakali, babu labule. Mata na gefe guda cikin kwalliya suna rangaɗa guɗa, samari masu rawani na shiga fili bibbiyu ko hurhuɗu suna taka rawa, yara kuwa sun dare katanga. Lasifika ta sha ƙura har muryarta ta dushe, amma mai gitar ba ya rage ta, ƙara ta yake yi. Wannan kaushin sauti da gaggawar ganga su ne suka sa masu sauraro na ƙasashen waje suka ce ai wannan kiɗan rok ne.

Irin wannan fage makaranta ce mai tsanani. Ba wanda ya biya kuɗin shiga, saboda haka ba wanda zai jure kiɗan da bai yi masa daɗi ba. In hannun makaɗi ya yi sanyi, fili sai ya watse. Ga shi kuma Agadas mahaɗa ce: Abzinawa, Hausawa, Fulani, Tubawa, Larabawa da Zabarmawa duk suna iya haɗuwa a buki guda, kowa yana jiran a taɓo nasa. Dole makaɗi ya koyi karanta ƙafar mai rawa, ya san lokacin da zai ja waƙa da lokacin da zai sauya ta. Gasa ma tana da zafi, domin ƙungiyoyin gitar sun yi yawa a garin. Masu hannu da shuni sukan ɗauko waɗanda suka yi suna. Taurarin Abzin kuwa an san su da bukukuwan talakawa, cikin gari da ƙauyukan kewaye, inda abin da za a samu bai wuce na cefane ba.

Ba su kaɗai suka bi wannan turba ba. Bombino ma a bukukuwan Agadas ya goge. Tawayen 2007 ya sa ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso, ya dawo a 2010 ya yi babban wasa a gindin masallacin nan, daga baya faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Waƙoƙinsa ta cikin wayoyin salula suka bazu, wannan ya tura wa wancan, har suka kai kunnen Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya kafa kamfanin Sahel Sounds. Wannan kamfani ne ya fitar da faifan Taurarin Abzin na farko, No. 1, a 2018, bayan sun shafe shekara 23 suna kiɗa a rariya. Agadez ya biyo baya a 2022, sa'an nan 100% Sahara Guitar a 2024.

To, a nan akwai abin dubawa. Shekara ashirin da ɗoriya waɗannan bayin Allah suna faranta ran jama'a a ƙofar gida, amma da yawa daga ƴan Nijar na kudu ba su ji sunansu ba sai da baƙi suka yaba. Yawancin wasannin waɗancan shekaru sun tafi da iska, abin da ya rage yana cikin tsofaffin kaset da katunan salula da ke lalacewa kullum. Hasumiya ta samu masu kula da ita, ana yi mata yaɓe domin kada ta zube. Sautin da aka haifa a inuwarta shi ma yana bukatar masu tattara shi su adana, tun waɗanda suka halarci bukukuwan suna raye.

Wanda hanya ta kai shi Agadas, bayan ya gama kallon masallaci, ya dakata har la'asar sakaliya ya kasa kunne. In ya jiyo gitar daga wata rariya, ya bi sautin. Mai yiwuwa yaron da ke riƙe wa makaɗa waya a wurin shi ne wanda duniya za ta yi layi domin gani nan da shekara ashirin.