Argungu Bayan An Tashi Daga Su

Da wuya a ambaci Argungu a gaban mutumin Kudu, ko Bature mai yawon buɗe ido, bai ce "kifi" ba. Wannan suna ya samo asali ne daga 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara garin, aka shirya masa gagarumin su domin a karrama shi, a kuma nuna cewa tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato ta kau. Tun kafin lokacin Kabawa suna da al'adunsu na ruwa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa. Abin da aka yi a wannan shekara shi ne fito da gwanintarsu fili don baƙo ya gani. Wato dai talla ce, ko da yake babu wanda ya kira ta da wannan suna a wancan zamani.

Tallar kuwa ta karɓu. Dubban masunta kan jeru a bakin Matan Fada da homa da gora, ana ba da alama su ruga su faɗa ruwa baki ɗaya, kafin a jima a fito da giwan ruwa wanda sai an kama wa mai shi ɗauka. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Ga kabanci, da tseren kwalekwale, da kamun agwagwa, da kokawa, da baje kolin amfanin gona. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. Ƙananan garuruwa da yawa za su so a ce nasu ne ya yi irin wannan fice.

Sai dai biki na kwana huɗu ne. A cikinsu mai masauki da mai tsire da mai fura da ɗan acaɓa duk kakarsu ta yanke saƙa. Ran na biyar motoci su kama hanyar Birnin Kebbi da Sakkwato, a naɗe rumfuna, gari ya koma yadda yake. Sauran kwanakin shekara fa, wa zai saye? Wannan tambaya ta fito fili bayan bikin 2009, lokacin da aka dakatar da shi, ba a sake yi ba sai a watan Maris na 2020. Shekara goma cur babu baƙin kallo. Gari bai watse ba, domin kuwa abin da ke riƙe da shi tun zamanin kakanni yana nan, wato fadama.

A cikin waɗannan shekaru ne ma shinkafar Kabi ta yi tashe. A 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, a 2017 kuma kamfanin WACOT ya buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu. Abin da ya jawo kamfanin a bayyane yake: ƙasa mai dausayi, ruwa a kusa, da manoman da suka saba noman damina da na rani. Wannan haja ce ta biyu da garin ke da ita, kuma ta fi ta farko daɗewa a kasuwa.

Akwai haja ta uku, wadda ba a cika kasa ta ba, alhali tana iya fin sauran riba. Ita ce daɗin zaman garin kansa. Baƙo iri biyu ne, akwai mai kallo, akwai mai zama. A ɗauki misalin malamin makaranta ko ma'aikacin jinya da aka turo aiki Argungu. Girman kifi bai dame shi ba. Abin da yake son ji shi ne nawa ne kuɗin haya, ina ake samun ruwan sha, sau nawa ake kawo wuta, wace makaranta zai sa 'ya'yansa, kuma idan naƙuda ta kama maiɗakinsa da tsakar dare, akwai wanda za a tarar a asibiti? Idan amsoshin ba su gamsar da shi ba, sai ya bar iyali a Sakkwato, ya kama ɗaki guda, kowace Juma'a albashinsa ya bi shi tasha. Idan kuwa ya gamsu ya kwaso su, to tela da mai niƙa da mahauci da mai gidan haya duk sun sami abokin ciniki na wata goma sha biyu. Ma'aikaci ɗaya da ya zauna da iyalinsa ya fi wa kasuwar gari amfani a kan cikin mota guda na 'yan kallo.

Argungu tana da abin faɗa wa irin wannan mutum. Shinkafa a bakin gona ake sayenta, kifi ɗanye da safe yake shigowa kasuwa. Mutum na iya takawa da ƙafa zuwa wurin aiki, ya dawo gida cin abincin rana, abin da ma'aikacin Abuja ko Legas ba ya ko mafarkinsa. Yaro ya yi ba daidai ba a waje, maƙwabci ya san ɗan gidan wane ne. Ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a cikin gari, ga babban birnin jiha a nan kusa. Amma duk takardar tallar da aka buga, hoton masunci ne rungume da kifi. Su kuwa mutanen gari, da yake cikin waɗannan ni'imomi suka tashi, ba su ɗauke su abin a faɗa ba.

Masu sayen da suka fi sauƙin shawo kai ma 'yan gida ne: ma'aikacin da ya yi ritaya a Kaduna yana tunanin inda zai ƙarasa kwanakinsa, da saurayin da ya tafi ci-rani ya tara ɗan jari. Waɗannan ba su buƙatar allon talla a bakin titi. Hoton kasuwar kifi ko na sabon shagon walda da ɗan'uwa ya tura musu ta WhatsApp ya fi musu tasiri, domin sun yarda da mai turowa.

Ita kuwa yarda saurin zubewa gare ta, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk mai tallar Argungu dole ya faɗi zafin bazara, da sauron fadama, da ambaliya irin ta 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar. Wanda aka ɓoye wa waɗannan, damina ɗaya zai yi ya tattara, kuma duk inda ya sauka zai ba da labari. Ya fi kyau kuɗin da za a kashe wajen yabon gari a raba shi biyu, rabi ya tafi ga magudanar ruwa da famfo da ɗakin haihuwa.

Haka nan idan talla ta yi nasara, tana da nata haraji. Filaye su yi tsada, haya ta tashi, gine-gine su fara cin bakin fadama. Tun yanzu ma akwai mai biyan kuɗin sunan da Argungu ta yi ba tare da an lissafa da shi ba. Domin kifi ya girma ya ƙayatar da baƙi, ana hana su a Matan Fada in ba lokacin biki ba, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaron wurin. Masuncin da gidansa ke kallon wannan ruwa sai ya tura jirginsa gaba, ya nemi na cefane a wani wuri, har shekara ta zagayo.