Daga Africa Zuwa Zombie

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma mun san wasu za su ce me ya haɗa zauren rubutun Hausa da waƙoƙin Turawa. A yi mana uzuri, a bi mu a sannu.

Wajen shekarar 2016 mu uku ne a ɗaki ɗaya, dukkanmu ɗalibai, kowa da littafin da yake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa yana rubuta labari. Abin da muka mallaka na haɗin gwiwa bai wuce risho da bokiti biyu da wata 'yar rediyo mai cin memori ba. Mun kai memorin kasuwa wurin masu tura waƙoƙi, muka ce a zuba mana na Turawa, wai don mu gyara Turancinmu. Yaron ya zuba mana kusan ɗari biyu, tsoho da sabo, bai tambaye mu zaɓi ba.

Rediyon nan tana da hali biyu. Ba ta san shekara ba, ba ta san mawaƙi ba, harafin farko na sunan waƙa kaɗai take bi, daga A har Z. Sannan maɓallin tsallakewa ya mutu tun makon farko, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta batir ya ƙare, in ta farfaɗo sai ta koma farko. Cajinta ba ya wuce awa biyu. Ku lissafa da kanku: waƙa ɗari biyu, kowace kamar minti huɗu, ana neman sama da awa goma sha uku kafin a kai ƙarshe.

Don haka Africa ta ƙungiyar Toto, wadda ta fito a 1982, ita ce ta zama sallamar ɗakinmu. Mun ji ta fiye da yadda muka ji muryar wasu malamanmu. Daga baya muka gano cewa David Paich, wanda ya tsara ta, bai taɓa taka nahiyar ba lokacin da ya rubuta ta. Shi ya sa ya ajiye dutsen Kilimanjaro da dajin Serengeti kamar maƙwabtan da katanga ta raba, alhali akwai tafiya mai nisa a tsakaninsu. Mun yi masa dariya sosai, har sai da ɗayanmu ya tuna cewa a labarinsa akwai babi guda da ya faru a Dubai, shi kuwa ko Abuja bai taɓa zuwa ba.

Bayanta sai All Night Long ta Lionel Richie, sai Another One Bites the Dust ta Queen, sannan a shiga B, inda Michael Jackson yake da kujera biyu a jere, Beat It da Billie Jean. A nan ne jerin haruffa ya fara koya mana abin da ba mu nema ba. Da a ce shekara aka bi, ko shahara, da mun san wa ya kamata mu girmama tun kafin ya buɗe baki. Harafi kuwa ba ruwansa da girman kowa. Yana ɗauko Bohemian Rhapsody ta 1975, waƙar da ta kusa minti shida, ba ta da amshi, kuma ba a ambaci sunanta ko sau ɗaya a cikinta ba, ya dire ta kusa da Born in the U.S.A. ta Bruce Springsteen ta 1984, wadda sunanta shi ne amshinta, ana ta nanata shi da ƙarfi.

Wannan ta biyun ta daɗe tana yaudararmu. Mun ɗauka kirari ne Ba'amurke yake yi wa ƙasarsa. Sai da kunnenmu ya faɗa da Turancin muka gane kuka ne: labarin talaka da aka tura yaƙin Biyetnam, ya dawo gida ya rasa aikin yi. Ba mu kaɗai aka ruɗa ba, Amurkawa da yawa sun yi ta rera ta a matsayin waƙar alfahari. Haka Every Breath You Take ta ƙungiyar The Police, ta 1983, wadda ake sakawa a bukukuwan aure, alhali mai maganar cikinta mutum ne da kishi ya rufe wa ido, yana bibiyar duk motsin wadda ta bar shi. Suna mai taushi, kiɗa mai taushi, ciki kuwa barazana.

Ranar da wuta ta ɗan yi mana adalci mukan kai H. Can akwai Hello guda biyu, ta Lionel Richie ta 1984 da ta Adele ta 2015, shekara talatin da ɗaya a tsakani amma kafaɗa da kafaɗa, kamar kaka da jikar da aka yi mata takwara. Sai Help! da Hey Jude na Beatles, sai Hotel California ta Eagles. Harafin I kuwa ya fi kowane cunkoso a memorinmu, domin shi ne "ni" a Turanci: ni ina so, ni zan yi, ni na rasa. Imagine ta John Lennon ce kaɗai muke tunawa da ta shigo layin ba da "ni" ba. Mun yi wa Turawa tsiya a kan son kai, sannan muka buɗe littattafanmu muka ƙirga shafukan da suka fara da "Na tashi da safe". Ba mu sake tayar da zancen ba.

Abin ya daina zama wasa lokacin da Babangida, babbanmu a ɗakin, ya gama labarinsa. Labarin wata bazawara ce da ta dawo gidan ubanta, ba ta iya shiga ta zaure saboda idon mutane, kullum sai ta zagaya. Ya sa masa suna Ƙofar Baya, kuma har yau muna ganin ba a taɓa raɗa wa labari sunan da ya dace da shi kamar wannan ba. Da ya tura wa mutane, sai ya lura a wayoyi da yawa sunan yana faɗawa can ƙasa, bayan Z, domin na'urar ba ta san inda za ta ajiye Ƙ ba, kamar yadda take yi wa Ɓ da Ɗ. Mutumin da ya shekara yana jin Africa bai taɓa jin ƙarshen memori ba, ya san abin da zaman ƙasan layi yake nufi.

Ya ce zai canza. Muka ce, "Haba Yaya, sunan nan shi ne rabin labarin." Ya kawo mana hujja da Yesterday, wadda Paul McCartney ya fara kira da sunan soyayyen ƙwai kafin ya samo mata kalmomi, ya ce suna riga ce, ana cirewa a sa wata. Muka ce ai McCartney daga sunan wasa ya koma na gaskiya, shi kuwa daga na gaskiya zai koma na kasuwa. Bai ji ba. Ya sa masa wani suna mai farawa da Amana, irin wanda ake da guda ɗari a kowace waya. Labarin ya hau sama, an buɗe shi fiye da da, wannan ba za mu musa ba. Amma waɗanda suka buɗe soyayya suka zo nema, suka tarar da bazawara da ƙofa, da yawa suka ajiye a babi na biyu. Har yanzu in mun haɗu muna gardamar ko riba ya ci ko faɗuwa, shi yana kawo yawan masu buɗewa, mu muna kawo yawan masu gamawa.

Sau ɗaya tak muka kai Z. Wata Asabar ce aka bar wuta tun asuba, muka yi alkawarin ba mai taɓa soket. Muka yi wanki, muka dafa taliya, muka kashe sauti lokutan sallah ba tare da mun kashe rediyon ba, muka wuce tulin waƙoƙin da suka taru a T saboda kalmar The, muka wuce su Yesterday. Wajen ƙarfe tara na dare sai ga wata murya ta mace, mai kaifi, tana karyewa kamar mai kuka. Zombie ce ta The Cranberries, 'yan ƙasar Ayalan, ta 1994. Dolores O'Riordan ta rubuta ta ne bayan bam ɗin da ƙungiyar IRA ta tayar a garin Warrington na Ingila a 1993, wanda ya kashe yara biyu.

Tana ƙarewa sai muka ji ganga da ƙaho irin na gida. Ashe yaron kasuwa ya haɗa mana da Zombie ta Fela, wadda ya yi wa sojoji shaguɓe a cikinta, har suka far wa gidansa na Kalakuta a Legas a watan Fabrairun 1977. Suna ɗaya, ƙasa biyu, kowace tana magana a kan mutanen da ke kisa ba tare da tunani ba, kuma ba wanda ya haɗa su sai harafi. Babangida ya miƙe zaune a kan katifa. Waƙar Fela ta fi minti goma sha biyu, kuma ya daɗe yana kiɗa kafin ya fara magana. Bai kai ga buɗe baki ba aka ɗauke wuta. Batirin da ya wuni a jone ya riƙe mu minti kaɗan, don ya riga ya kumbura, sannan ya mutu.

Da aka dawo da wuta cikin dare, Africa ce ta tashe mu.