Abin da ba a gani shi ke sa ɗaki ya zaunu

In mutum ya tashi gini a garuruwanmu, kuɗinsa kan ƙare a ƙofar ƙarfe da fenti. Tiyon ruwa da maganin zafi sai a ce "daga baya". To daga bayan nan ita ce fasa bango da sake biyan magini.

Bana na gina ɗan ɗaki guda da makewayi a garkarmu, bayan garin Maradi, saboda tsohuwata. Ta gaji da hayaniyar gari, ga hawan jini. Kun san Afrilu da Mayu a nan, zafi na wuce digiri 40, kuma ɗakin kwano marar plafon tanda ne kawai. Kuɗin da na ware na fenti da tayil, na juya su can.

Mai aikin pampo ya shigo tun kafin a yi shafe. Muka binne tiyo ƙasa da zurfi, don tiyon roba in ya sha rana yana bushewa ya tsage, ruwan ciki kuma ya yi zafin da ba ya alwala. Tiyon da ke fitar da ruwan wanka muka ba shi gangare, muka sa masa ɗan lanƙwasar nan mai riƙe ruwa, wadda ke hana wari da kyankyasai dawowa ɗaki. Ramin da ruwan ke zuba muka kai shi mita 30 daga rijiya. Sannan muka buɗe ruwa, muka bar shi kwana biyu muna duba kowane haɗi. Magini na ta cewa: "Malam, kana ɓata mana lokaci." Na ce a'a Baba, ɗigon da ba a gani yau ba, bango zai nuna shi baɗi.

Batun zafi kuwa, kakanninmu sun riga mu. Wanda ya taɓa shiga sorayen unguwar Birni a Damagaram da tsakar rana ya san kaurin bangon ƙasa na aiki. Shi ya sa na yi gini da tubalin ƙasa. Tsakanin kwano da plafon muka bar fili, muka huda ƙananan kafofi gabas da yamma da raga a bakinsu, iska mai zafi ta samu hanyar fita. Saman kwanon muka shafa farin fenti, muka ɗaura rumfar zana a bangon yamma, nesa da ƙasa saboda gara.

Ƴan uwa sun zo, wasu na cewa ɗakin bai yi kyau ba, kamar ba a gama ba. Gaskiyarsu, har yanzu bango ba fenti. Amma Inna na barcin rana a ciki ba tare da fanka ba, kuma ba ta ɗaukar bokiti.

Mai shirin gini, kira mai pampo kafin mai shafe. Fenti na iya jiran kaka mai zuwa. Allah ya hore mana, ya ba iyayenmu lafiya.