Robar da Ta Yi Datti da Wadda Ta Mutu

A unguwarmu a Zariya, teburin tenis katako ne da kafinta ya haɗa, aka girke shi a inuwar darbejiya, kowane wasa da kuɗinsa. Lokacin ƙwallon mai faɗin milimita 38 ake bugawa, kuma sai an kai maki 21 wasa ke ƙarewa; a 2000 ne aka ƙara girman ƙwallon zuwa milimita 40, a 2001 aka mayar da maki 11. Duk yaron da ya iya murɗa ƙwallo, Atanda Musa ake kiransa, sunan fitaccen ɗan wasan tenis ɗin tebur.

Robar bat da kowa ke buri ita ce Sriver ta kamfanin Butterfly, ko Mark V ta Yasaka, duka 'yan Japan. Sai mai tafiya Legas ake ba wa sautu, kuɗin kuma tarin watanni ne. Saboda haka kafin mutum ya ɓare robar bat ɗinsa, sai ya tabbata babu sauran amfani a jikinta.

Akwai wani dattijo, tsohon ɗan wasa, da ke zuwa kallonmu bayan la'asar. In ka yi ƙorafin ƙwallo na zame maka, sai ya ce, "Ɗana, kawo in gani." Zai hura wa robar numfashi, ya goge da tafin hannu, sannan ya ɗora ƙwallo ya ja shi a hankali daga gefe zuwa tsakiya. In ƙwallon ya riƙa cijewa ko'ina, sai ya miƙo maka: "Datti ne, je ka wanke." In kuwa ya cije a gefe, da ya iso tsakiya ya sulale, sai ya karkata bat ɗin wajen haske ya nuna maka wurin da ya yi sumul yana ƙyalli. Daga nan ya danna da babban yatsa, don ya ji ko soson da ke ƙarƙashi na da sauran tsalle.

Yawancin robobinmu datti ke damunsu, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke kwanciya kan komai. Ɗan ruwa da tsumma mai laushi sun isa, sai a rufe fuskar da leda, a kiyaye ta daga rana, domin zafi na busar da roba har ta tsattsage. Wannan farfaɗowa ce ta gaskiya.

Sauran dabarun fa? Wasu man gyaɗa suke shafawa su bar shi ya kwana. Robar takan yi laushi ta ɗan kama ƙwallo na 'yan kwanaki, sannan ta koma gidan jiya. Wasu su ɓare ta, su sake manna ta da gam ɗin masu facin keke, soson ya kumbura, bugu ya riƙa ƙara mai daɗin ji. Manyan 'yan wasan duniya ma sun daɗe suna amfani da irin wannan gam, har hukumar wasan ta duniya, ITTF, ta haramta shi a 2008 saboda illar tururinsa ga lafiya. Dokarta ta yanzu ba ta yarda a sa wa roba wani sinadari da zai sauya halinta ba.

Abin da ya fi damuna da matacciyar roba shi ne yadda take lalata hannun yaro. Tunda ba ta kama ƙwallo, sai ya koyi buɗe fuskar bat yana ɗaga ƙwallon da ƙarfin kafaɗa. Ranar da ya samu sabuwa, duk bugunsa bayan tebur zai riƙa faɗawa, gyaran hannun kuma ya fi tara kuɗin wuya. Shi ya sa a wurina alamu biyu ba sa jira: tsakiya ta ci gaba da sulɓi bayan an wanke, ko fuskar ta rabu da soso ta yi ƙulu kamar bororon ƙuna. Tsagewar baki kuwa, in ba ta shigo inda ƙwallo ke sauka ba, a wasan unguwa ana iya lallaɓawa.

Sauƙin da muka samu shi ne fuskokin biyu ba sa mutuwa tare. Wadda ake kai hari da ita ke riga cinyewa, don haka ita kaɗai muke canzawa, ja ce ko baƙa, ɗayar kuma ta jira kuɗin barka da salla.