Gonakin Gezawa da Ba Su San Hutu Ba

Na fito daga birnin Kano ta hanyar Gumel a tsakiyar damina, ina duba hagu da dama ko zan ga daji. Har na isa Gezawa ban ga saura ko ɗaya ba: gona na jingine da gona, gero da dawa sun yi shar, wake da gyaɗa na shimfiɗe a ƙarƙashinsu. A wajenmu, ƙasar jigawa irin wannan takan gaji bayan 'yan shekaru a bar ta. Nan kuwa kaka da kakanni ake noma ta kowace shekara.

Wani dattijo ya zagaya da ni gonarsa. Ya nuna mini yadda ake huɗa kunya a gicciye da gangare, ruwa ya kwanta a kwarinta ya nutse, maimakon ya gudu da taki. Gamba na tsare bakin iyaka. Gawo kuma, da yake yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana.

Na ce, "Baba, takin fa?"

Ya ce, "Yaro, yana turke."

Awaki da tumaki na ɗaure a gida duk damina. Da rani su ci harawa da karmami, a tara kashinsu da toka da shara, jaki ya kai gona a mangala. Abin da gona ta bayar, gona yake komawa.

Masana ma sun shaida. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, ya wallafa nazari kan wannan karkara tun 1965. A shekarun 1990 Frances Harris ta zauna da manoman ƙauyen Tumbau na wannan yanki tana lissafin sinadaran da ke shiga gona da waɗanda ke fita, har da abin da ƙurar hunturu ke saukewa da wanda saiwar wake ke ƙara wa ƙasa.

Yau a Turai ana ɗora irin wannan lissafi a kwamfuta don a gano yadda gona za ta riƙe ruwa da taki. Ina kira ga malaman gonarmu: kafin ku buɗe kwamfuta, ku je Gezawa ku zauna gaban waɗannan manoma, ku ɗauki darasi.